Wane Ɗaki Za Ka Kama a Jirgin Ruwan Yawon Buɗe Ido?

Da aka baje maganar wane ɗaki ya fi dacewa mutum ya kama a irin wannan jirgi, abin da kusan kowa ya fara ambata shi ne jiri. Mai saurin tashin zuciya ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgin, a benen ƙasa, domin goshin jirgi da can sama su suka fi shan girgiza idan teku ta yi fushi.

Sai hayaniya, kuma a nan aka fi daɗewa. Kafin ka biya, buɗe taswirar jirgin ka ga me ke samanka, me ke ƙasanka. Ɗakin da ke ƙarƙashin wurin ninƙaya bala'i ne: tun da asuba ma'aikata ke jan kujeru, ƙiii, a daidai kanka. Na kusa da injin yana kakkarwa, na goshin jirgi kuma ƙarar sarƙar anga, wato ƙarfen da ake jefawa ruwa don tsayar da jirgi, ce za ta tashe ka. Wanda ɗakunan kwana suka sa a tsakiya, sama da ƙasa, shi ne lafiya lau.

Kan ɗaki mai baranda kuwa ra'ayi ya rabu biyu. Ni dai ina ganin in kwana kawai zai kai ka ɗaki, na ciki marar taga ya wadatar, ga araha, ga duhun barci. Amma in ka biya kuɗin taga, tabbatar kwale-kwalen ceto bai tokare ta ba.