Guraben digiri na uku a Turai: aiki ne ko tallafin karatu?

Ɗalibar Sinadarai: Assalamu alaikum malamai. Ina da digiri na biyu a kimiyyar sinadarai, kuma ina ganin tallan guraben PhD (digiri na uku) a Jamus da Holand, wasu har da albashi a rubuce. Shin aiki ne ko tallafi? Sai na samu farfesan da zai karɓe ni kafin in nema?

Malamin Lab: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Aiki ne. Farfesa ya riga ya samo kuɗin binciken, an tsayar da maudu'i, mutum ake nema da zai gudanar. A Holand da Siwidin kwantiragin shekara 4 ne. A Jamus yawanci shekara 3, ana biya bisa ma'aunin albashi na TV-L E13, sau da yawa kashi 50 ko 65 cikin ɗari na cikakken albashin, a injiniyanci da kwamfuta kuma har ɗari bisa ɗari. Ba sai kin nemi yardar kowa ba, ki bi shafin da aka sa a tallan. Ki duba shafukan tallan gurabe irin su EURAXESS, da AcademicTransfer na Holand, da PhDGermany na DAAD, hukumar musayar ɗalibai ta Jamus.

Inda ake faɗuwa shi ne takardar bayyana buƙata. Mutum ya rubuta guda ɗaya ya raba wa jami'o'i goma, sunan gari kawai ya sauya. Idan tallan ya ambaci na'urar awo irin HPLC ko NMR, ki faɗi samfurin da kika auna da shi da sakamakon da ya fito. In ba ki taɓa amfani da na'urar ba, ki faɗi wadda kika iya, domin a intabiyu za su tone ki.

Yaya Injiniya: Malam ya yi bayani, sai dai Ingila daban take. Da yawa daga tallan da ke shafin FindAPhD kuɗin makaranta na ɗan ƙasa kawai suke biya, cikon kuɗin ɗalibin waje ya faɗa kanki, kuma ba kaɗan ba ne. Ki karanta sharaɗin kuɗi kafin komai. Wasu fannonin kimiyya kuma sai da takardar ATAS, wato izinin tantancewa na gwamnatin Birtaniya, kafin biza.

Hajiya Dakta: Ƙanwata, ki nemi tiranskirif ɗinki, wato cikakken sakamakon kwasa-kwasanki, tun yanzu, don fitowarsa a jami'o'inmu kan ci watanni, tallan kuwa makonni kaɗan yake yi a rufe. Sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS shekara 2 yake aiki, kada ki yi gaggawar rubutawa. Malamai biyu da za su yi miki shaida ki sanar da su da wuri, su yi amfani da imel na jami'a. Don Jamus, ki duba ko jami'arku na da alamar H+, wato an amince da ita, a Anabin, shafin Jamus na tantance jami'o'in waje.

Guraben shirin Marie Curie na Tarayyar Turai ma aiki ne, sharaɗinsu kada ya zama kin zauna a ƙasar da gurbin yake fiye da wata 12 cikin wata 36 da suka wuce. Duk dillalin da ya ce ki biya shi ya samo miki gurbi, damfara ce.