Idan mutum ɗaya a gida ya daina cin nama, me kuke dafawa da dare?

Maman Husna:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Babbar 'yata ta daina cin nama da kifi, kuma da gaske take yi. Tana cin ƙwai, tana shan madara. Ni kuwa ba zan iya ɗora tukunya biyu kullum dare ba, ga aiki ga ƙananan yara. Sai na mayar da yawancin abincin darenmu mara nama, amma babansu da ƙannenta sukan tashi suna cewa kamar ba su ci komai ba. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya faɗa mini abin da ya dafa da hannunsa ya karɓu.

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam 'yata. Na daɗe a cikin wannan, tun da likita ya hana maigida jan nama, daga baya shi da kansa ya bar sauran. Abin da na gane shi ne, yawancin daɗin miyar nama daga suya yake zuwa, to sai ki nemo wannan daɗin a wani wurin. Ki yanka albasa da yawa, fiye da yadda kika saba, ki soya ta a ƙaramar wuta har ta yi ja ta yi laushi, ko da za ta ci minti 20. Sannan ki zuba tafarnuwa da citta, ki kawo tumatirin gwangwani ki soya shi har ya yi duhu mai ya taso sama. Kar ki yi garajen tsaida ruwa. A kan wannan suyar nake zuba dafaffen wake da kabewa da karas, in bar su su nuna tare har romon ya yi kauri, a ci da shinkafa. Kuma kar ki rage mai don kin cire nama, ai kitsen naman ma ya fita daga tukunyar. Idan na sauke sai in matsa lemun tsami kaɗan. Jikokina ba su taɓa tambayar ina naman yake ba.

Baban Sadik:
Hajiya ta gama magana a kan miya. Ni zan yi magana a matsayin wanda ya taɓa yin irin ƙorafin babansu. Cikina yakan cika, amma bakina bai samu abin taunawa ba, shi ya sa nake jin kamar ban ci ba. Yanzu ni ne mai girkin ƙarshen mako a gidanmu. Awara nakan naɗe ta a tsumma mai tsabta, in ɗora mata abu mai nauyi ruwan ya tsane, in yanka, in barbaɗa gishiri da yaji da ɗan garin masara, in soya har bayanta ya yi ƙamas. Sai a ƙarshe nake jefa ta cikin miya don kar ta jiƙe. Yalo kuma a gasa shi da mai har gefensa ya fara ƙonewa. Gyaɗa soyayya a daka sama-sama a watsa a kan shinkafa da kayan lambu, ita ma tana ba haƙori aiki.

Ummu Zaid:
Ni dai Maman Husna, ra'ayina ya ɗan bambanta. Ƙanin mijina da ke zaune tare da mu ba ya cin nama, amma ban hana sauran ba. Miya ɗaya nake yi mara nama, in gasa kaza ko in soya kifi daban a ajiye a gefe, mai so ya ɗiba. Da yara suka ga ba dole ake musu ba, da kansu suka riƙa wuce kwanon kazar wasu ranakun. Abu ɗaya da zan ja hankalinki a kai: sinadarin ɗanɗano. Da yawa daga cikinsu akwai romon kaza ko na naman shanu a ciki, ki riƙa karanta bayan kwalin, akwai na kayan lambu zalla.

Anti Nas:
Ƙanwata, ni yarinyar ce ta fi damuna, domin budurwa mai al'ada tana buƙatar sinadarin ƙarfe sosai. Nawa ɗan ya bar nama yana sakandare, kuma a aikina na ga 'yan mata da ƙarancin jini ya kama saboda sun koma burodi da taliya kawai. Furotin, wato sinadarin gina jiki, ba shi ne matsalar ba. Ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6, dafaffen wake giram 100 yana da kusan giram 8, kuma wake da hatsi suna cike wa juna giɓi. Ƙarfen da ke cikin wake da ganye ne jiki ba ya zuƙarsa kamar na nama. Bitamin C yana taimakawa, don haka ki haɗa da tumatir, tattasai ko lemo a lokacin cin abincin. Shayi kuma yana rage zuƙar, a bar shi sai bayan awa ɗaya ko fiye. Bitamin B12 daga kayan dabba ake samu. Tun da tana cin ƙwai da madara akwai sauƙi, amma ranar da ta bar su sai ta riƙa shan ƙwayarsa. Idan kin ga tana yawan gajiya ko jiri, a kai ta a auna jininta.

Maman Husna:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Anti, waken ne nake tsoro, ƙaramin nawa yakan yi kumburin ciki.

Anti Nas:
Ki jiƙa shi ya kwana, ki zubar da ruwan, ki dafa da sabo har ya nuna luguf. Ki fara ba shi kaɗan kaɗan, ciki yana sabawa. Idan jan wake ne mai siffar ƙoda, dole ya yi tafasa mai ƙarfi na aƙalla minti 10, domin ɗanyensa yana da guba mai sa amai da gudawa.

Yaya Amina:
Ni ma'aikaciya ce, magariba nake shigowa gida, don haka ranar hutu nake dafa wake babbar tukunya, in raba a robobi in sa a firiza. Dare ɗaya in murƙushe rabin roba cikin miyar tumatir a ci da taliya, yara ba sa ma gane akwai wake. Wani daren in soya dankalin turawa da albasa da alayyaho, in kaɗa ƙwai in zuba a kai, in rufe ya nuna a hankali, a yanka a ci da burodi. Shinkafar da ta kwana kuma ita ta fi daɗin suya da kabeji da karas da ƙwai. Maman Husna, ki ba Husna dare ɗaya a mako ta yi girkin da kanta, ta zaɓi abin da za a ci. Tawa da wannan dankalin da ƙwan ta fara, yanzu ita ke rubuta mini abin da zan sayo.