A bar su Abba a gida ranar biki, ko a zo da su?

Kawu: Assalamu alaikum. Ina so mu yi wata magana tun biki bai matso ba. A ganina Maman Abba ta bar yaran nan biyu a gida ranar ɗaurin aure da wuni. Kowa ya ga abin da ya faru a sunan bara a Ƙofar Ƙaura, Abba ya zube tsakar gida yana ihu yana buga kai da ƙasa, baƙi sun yi cirko-cirko. Yaro mai galahanga, zaman gida shi ne rufin asirinsa.

Maman Abba: Wa alaikumus salam. Kawu, Allah ya ƙara girma, ku yi mini haƙuri in faɗi abin da ke raina. Ranar sunan nan kusa da lasifika aka ajiye mu. Abba ko ƙarar injin markaɗe ya ji daga maƙwabta sai ya toshe kunnuwa ya shige bayan ƙyaure. Sau biyu na roƙa a rage sautin, ba wanda ya saurare ni. Ihun da kuka gani ciwo ne yake ji.

Shekara uku na yi ina kulle su saboda kunyar idon mutane. Me na samu? Ran nan ina wanke-wanke, Auta ya zare sakata ya fice. Ba ya magana, ko sunansa ka kira ba zai waiwayo ba. Muka bi lungu-lungu har la'asar, ba wanda ya san kamanninsa a layinmu, don ba su taɓa ganinsa ba. A bakin titi aka tsince shi yana kallon tayoyin Keke Napep. Tun ranar kullum da yamma sai na zaga da su. Yanzu mai shayi ya san su, mai kanti ya san biskit ɗaya Abba ke ci, kuma sai ya jera canjinsa a kan teburi kafin ya ɗauka. Watan jiya da Auta ya sake fita, mai shayin ne ya riƙo hannunsa har zaure.

Goggo: Ni dai har gobe ina cewa a nema musu magani. Yara biyu ciki ɗaya? Ko iska ce, ko allurar rigakafin nan. Abba fa yana cewa Mama da Baba kafin ya ɗauke wuta.

Anti Nas: Goggo, addu'a kullum muna yi, amma a cire rigakafi daga ciki. Wani likitan Ingila, Andrew Wakefield, shi ya taso da zancen a 1998. An gano bincikensa na ƙarya ne, mujallar da ta buga ta janye shi a 2010, aka kuma hana shi aikin likita. A Denmark an bi yara sama da 650,000, aka fitar da sakamako a 2019, ba a ga wata alaƙa ba. Alamomin galahanga, wato otizim, sukan fito ne tsakanin shekara ɗaya da biyu, shi ya sa ake ɗora wa allurar da aka yi kusa da lokacin. Wasu yaran ma sukan fara magana ta ɗauke, kamar Abba. Zancen su biyu kuwa, akwai gado a ciki, in wa yana da shi, yiwuwar ƙane ya samu ta fi ta sauran yara. Kuma an fi gano shi ga maza, kusan ninki huɗu.

Yaya Babba: Ni fa ina bayan Kawu ta wani ɓangare. Ranar hawan Sallah da muka je Ƙofar Soro, 'yan bindigar sarki na sakin wuta Abba ya ciji hannunsa har jini. Wannan fitar wa ta amfana? Mu ji tsoron Allah, kada mu wahalar da yaro don mu nuna ba ma jin kunyarsa.

Maman Abba: Yaya, wannan gaskiya ce, kuskurena ne, kuma ban sake kai shi ba. Amma hawan Sallah daban, gidan kakarsu daban.

Ɗan Autan Hajiya: Akwai ma doka. A Janairun 2019 Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya.

Kawu: To kotu za ka kai ni? Yaro, manya na magana.

Ɗan Autan Hajiya: Tuba nake, Kawu.

Malam: A sassauta. Ya tabbata Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan taƙaita sallah idan ya ji kukan yaro, don tausayin uwarsa. Jama'a ce ta rage wa uwa nauyi, ba a ce ta koma gida ba. Mu ma sai mu duba me za mu rage.

Baban Abba: Abin da muke roƙo kaɗan ne. A ba mu ɗakin Hajiya na can ƙurya, in abin ya yi musu yawa su shiga su huta. Za mu taho da farar shinkafarsu da shuɗin kofin Auta, ba ya shan ruwa a wani. A daina kama Abba ana cewa dole sai ya gaisa, in an ƙyale shi da kansa yake zuwa ya taɓa hannun mutum. Muna zuwa da hantsi, mu tafi kafin masu kiɗa su iso.

Kawu: In ya sake faɗuwa gaban surukai fa?

Maman Abba: Sai in ɗauke shi, Kawu, kamar yadda nake yi kullum. Ku kuma ku ce musu jikanku ne.

Kawu: Har yanzu hankalina bai kwanta ba. Amma ɗakin Hajiya ba matsala, zan sa a kwashe buhunan da ke ciki ranar Alhamis.

Goggo: A sa tabarma mai laushi saboda kan yaron.