Rabat ko Ujda: shin babban birni ne ya fi wa ɗalibinmu alheri a ƙasar waje?

Hajiya, daga unguwar Zariya a Maraɗi: Assalamu alaikum jama'a. Ɗana ya ci jarrabawar bak, wato ta kammala sakandare, a bana, kuma Allah ya nufe shi da samun gurbin karatu a ƙasar Maroko, sai dai a Ujda aka ba shi, ba a Rabat ba. Ƙanen mahaifinsa ya dage cewa mu bari sai baɗi a sake nema, domin a ganinsa duk karatun da ba a babban birni aka yi shi ba, rabin karatu ne. Ina neman shawarar waɗanda suka san abin.

Alhaji, ɗan kasuwa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ni ina bayan ƙanen mijinki, kuma ba don raina Ujda ba. Ofishin jakadancin Nijar a Rabat yake, jirgin da ke tashi daga Yamai kuma a Kasablanka yake sauka, alhali Ujda tana can gabas daf da iyakar Aljeriya, fiye da kilomita 500 daga Rabat, iyakar ma a rufe take tun 1994. Ranar da fasfonsa ya ƙare, ko wata matsala ta same shi, wa zai tsaya masa? Yaron da bai taɓa wuce Yamai ba, gara a ajiye shi inda idon hukumar ƙasarsa yake.

Malamin lise (babbar sakandare): Alhaji, da girmamawa, maganar rabin karatu ba ta tsayawa idan aka auna ta da abin da muka sani a ƙofar gidanmu. Iyayenmu da yayyenmu da suka yi karatu a Najeriya, a Zariya da Kano da Sakkwato suka yi shi. An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta Usmanu Ɗanfodiyo a 1975, ta Abuja kuwa sai a 1988, kuma babu wanda zai ce takardar Zariya ta gaza ta Abuja. Malamanmu na addini da suka yi karatu a Saudiyya, da yawansu a Madina suka yi, ba a Riyad ba, kuma ba mu taɓa jin an raina musu ilimi saboda haka ba. A Maroko ma kanta, Jami'ar Ƙarawiyyin da duniya ke ambato tun ƙarni na 9 a Fas take. Jami'ar Muhammad na Ɗaya da ke Ujda ta gwamnati ce, an kafa ta a 1978, kuma ma'aikata ɗaya ce ke kula da ita da ta Rabat. Har ila yau, mu mutanen Maraɗi ya kamata mu fi kowa jin nauyin faɗin wannan magana, domin idan muka yarda da ita, mun yarda ke nan cewa 'ya'yanmu da ke Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo rabin karatu suke yi tunda ba a Yamai suke ba.

Alhaji: Malam, ni ban yi maganar darajar takarda ba, maganar tsaron yaro nake yi. Kano ma da ka ambata, ai akwai ƙaramin ofishin jakadancin Nijar a can, ga shi kuma yare ɗaya, abinci ɗaya, kowa yana da dangi.

Likita: Alhaji, a kan tsaron ne nake son in sa baki. A ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙin Sudan ya ɓarke, kuma a tsakiyar Khartum ya fara, inda fadar shugaban ƙasa da hedkwatar soja da filin jirgin sama suke. Ɗaliban ƙasashen Afirka da suka taru a can su ne suka fi shiga uku, ofisoshin jakadancin da ake taƙama da su kuwa su ma kwashe ma'aikatansu suka yi. Duk lokacin da mulki ya girgiza, babban birni ne ke fara jin jiki. Saboda haka kusanci da ofishin jakadanci yana da amfani a sha'anin takardu, amma ba garkuwa ba ne.

Ɗalibi a Konya: Ina gaida iyayena. Ni a Turkiyya nake, kuma ina ganin tun farko an ɗora tambayar a kan abin da ba shi ne ba. A nan Ankara ce babban birni, amma garin da ke cinye kuɗin ɗalibi shi ne Istanbul, kamar yadda a Maroko Kasablanka ta fi Rabat girma da hada-hada. Abin da ke raba garuruwa a wurin ɗalibi shi ne kuɗin haya, da nisan ɗakinsa daga aji, da yawan 'yan ƙasarsa da zai tarar. A ƙaramin gari ɗaki ya fi araha, kuma mutum yana koyon harshen ƙasar da sauri saboda ba shi da mafita sai ya yi magana da mutanen gari. Amma ba zan ɓoye wa Inna Hajiya ɗaya gefen ba: inda baƙar fata ba su da yawa, ana kallon mutum a kasuwa da cikin mota, kuma watannin farko kaɗaici yana da nauyi ƙwarai, musamman lokacin azumi da salla. Game da takardar izinin zama kuwa, a garin da mutum yake zaune ake yin ta, ba sai ya je babban birni ba.

Injiniya: Na yarda da ƙanena na Konya a kan haya, amma akwai abin da masu yabon ƙananan garuruwa suke tsallakewa, wato neman wurin koyon aiki. Wanda ke karanta injiniyanci ko harkar kuɗi dole ne ya shiga kamfani kafin ya gama, kamfanonin Maroko kuwa sun fi taruwa a Kasablanka da Tanja. A Faransa ma doka ta yarda ɗalibi baƙo ya yi aiki har awa 964 a shekara, amma izinin doka daban, samun aikin daban, kuma a ƙaramin gari guraben ba su da yawa. Don haka arhar ɗaki a shekarar farko tana iya komawa tsada a shekarar ƙarshe.

Malamin lise: Wannan hujja ce mai ƙarfi, Injiniya, sai dai ka lura cewa garuruwan da ka ambata, Kasablanka da Tanja, babu babban birni a cikinsu. Kuma ɗalibi yana iya yin lisans, wato digiri na farko, a Ujda, ya nemi mastar a wani gari idan fanninsa ya buƙaci haka. Abin da ya fi damuna shi ne shawarar a jira baɗi. Mun ga yadda Faransa ta dakatar da bai wa 'yan Nijar biza a 2023, mun ga yadda iyakarmu da Najeriya ta rufe watanni bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har masu karatu a Katsina da Kano suka sha wuyar kai da komowa. Ƙofar da ke buɗe a bana, babu mai tabbacin cewa za ta kasance a buɗe baɗi, kuma yaron da ya zauna shekara guda a gida ba tare da aji ba, ilimin lissafinsa ma dushewa yake yi.

Alhaji: To, na sauko daga maganar jira, amma da sharaɗi. Kada a sa shi a jirgi sai an sami wani ɗan Nijar da ke zaune a Ujda wanda zai tarbe shi, kuma a sabunta masa fasfo tun daga nan domin kada ya ƙare masa a tsakiyar karatu.

Hajiya: Na gode, Allah ya saka wa kowa da alheri. Injiniya, fannin da aka ba shi ilimin lissafi da kwamfuta ne. Shin maganar da ka yi ta kamfanoni ta shafe shi tun daga shekarar farko, ko sai can gaba?

Injiniya: Sai can gaba, Hajiya. Shekaru biyun farko aji ne da jarrabawa. A shekara ta uku ne zai fara neman inda zai yi aikin kammalawa, kuma ya kamata tun yana shekara ta biyu ya riƙa tambayar malamansa da ɗaliban da suka riga shi inda suka yi nasu.