An ce jininta ya hau a wata na bakwai, maganin da aka ba ta ya wadatar?

Abban Walid:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Maiɗakina tana ɗauke da cikin fari, mako 30. A awon jiya jininta ya nuna 150/95, bayan wasu awoyi aka sake gwadawa ya nuna 148/94, fitsarinta kuma an ga furotin ƙari biyu. An ba ta Aldomet, aka ce ta dawo bayan kwana uku. Ita ta ce lafiyarta lau in ban da kumburin ƙafa, iyaye kuma sun ce ta bar gishiri zai sauka. In jinin ya sauka da maganin, shi ke nan an wuce wurin?

Sista Ladidi:
Wa alaikumus salam Malam, Allah ya raba lafiya. A'a, ba a wuce wurin ba. Duk mai cikin da ta haura mako 20, jini ya kai 140/90 a gwaji biyu, ga furotin a fitsari, to ta shiga matakin da ke zuwa kafin jijjigar masu ciki, wadda wasu ke kira taune-taune. Tushen ciwon a mabiyiya yake. Jijiyoyin da ke kai mata jini ba su buɗe yadda ya kamata ba tun farkon ciki, sai ta riƙa sakin sinadaran da ke ƙuntata jijiyoyin uwar, su taɓa ƙoda, hanta da ƙwaƙwalwa. Aldomet lambar yake saukarwa don kare ta daga shanyewar ɓarin jiki, amma ciwon yana nan har sai an haihu. Barin gishiri ba ya warkar da shi.

Kumburin ƙafa kaɗai ba abin tsoro ba ne, masu ciki da yawa suna yi. Abin da ba a kwana da shi a gida: ciwon kai mai tsanani da farasitamol bai kashe ba, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, ciwo a ƙahon zuciya ko ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kumburin fuska da hannu farat ɗaya, amai, sarƙewar numfashi, raguwar fitsari, zubar jini, ko yaro ya rage motsi. Ciwon ƙahon zuciyar nan shi ya fi yaudarar mutane, sai a ce gyambon ciki ne a je kyamis, alhali hanta ce ke kuka. Haka in awo ya kai 160 a sama ko 110 a ƙasa, asibiti a take, ko da ƙarfe biyun dare ne.

In kuna da na'urar awo a gida, ta zauna ta huta minti biyar, bayanta a jingine, hannu daidai ƙirji, a auna safe da yamma a rubuta. Abin ɗaurawa in ya yi wa damtse kaɗan yakan ƙara lamba.

Dakta Sambo:
Sista ta gama magana, ƙari kawai zan yi. Ranar komawa a nemi gwajin jini na ƙoda, hanta da ƙwayoyin daskarar da jini, da hoton ciki don duba girman yaro da ruwansa. Waɗannan kan lalace mace tana cewa lafiyarta lau. Idan komai ya tsaya daidai, ana lallaɓawa zuwa mako 37 a tayar da naƙuda. In ya tsananta, ba a wuce mako 34, wani lokaci ma ba a kai nan. Kafin mako 34 ana yi wa uwa allurar dekzametazon, miligiram 6 duk awa 12 har sau huɗu, don huhun jariri ya yi ƙwari. Saboda haka Malam, ka fara tanadi yanzu, ka kuma tabbatar asibitin yana da ɗakin tiyata da jini. In miji ya ƙi sa hannu a haihuwar bakwaini don "lokaci bai yi ba", wannan jinkirin kan ci uwa da ɗa.

Kada ta sha ragowar maganin hawan jinin wani. Lisinofiril da losatan suna lalata ƙodar ɗan tayi. Na masu ciki su ne metildofa (wato Aldomet), nifedifin, labetalol da haidiralazin. Ta kuma kauce wa ibufurofen da diklofenak.

Abban Walid:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To Dakta, in Allah ya kiyaye jijjigar ta zo a gida fa?

Dakta Sambo:
A kwantar da ita ta gefen hagu, a janye abin da zai ji mata rauni. Kada a cusa cokali a baki, kada a ɗura ruwa ko rubutu, zai tafi huhu. Ba iska ba ce, a yi addu'ar a cikin mota a hanyar asibiti. Maganinta allurar maganiziyam salfet: giram 4 ta jijiya a hankali, giram 5 a kowane ɗuwawu, sannan giram 5 duk awa huɗu har awa 24 bayan haihuwa ko jijjigar ƙarshe. Kafin kowace allura ana duba numfashi, zabura ta gwiwa da fitsari, wanda ake so ya kai mililita 30 a awa. Ƙaramin asibiti ma ya yi allurar farko kafin ya tura ta gaba.

Hajiya Nas:
Kada a manta da jego. Jini kan sake hawa tsakanin kwana uku zuwa shida bayan haihuwa, jijjiga kuma tana iya zuwa har mako shida. Ta ci gaba da magani da awo ko an sallame ta. Kunun kanwa a ajiye shi gefe, gishirin da ke cikin kanwa yana tara ruwa a jiki ya ɗora wa zuciya nauyi, kuma likitocin Zariya sun daɗe da danganta shi da ciwon zuciyar masu jego, tare da tsananin zafin wankan jego. Ruwa mai ɗumi ya isa. In ta sake samun ciki, ta fara awo da wuri a ɗora ta kan ƙaramin asfirin, miligiram 75 zuwa 150 da dare tun daga mako 12, da ƙwayar kalsiyam, a raba lokacin shanta da na maganin ƙarin jini.