Muhawara: Koci ko Darakta, Wa Zai Riƙe Cefanen 'Yan Wasa?

Nura Gusau: Jama'a, raina a ɓace yake. Tun da Ferguson ya ajiye aikin kocin Manchester United a 2013, ƙungiyar ba ta sake ɗaga kofin Firimiya ba. Mutum ɗaya ya ci kofi 13, shi ke sayen ɗan wasa, shi ke sallamarsa, ko Beckham bai tsira ba. Yanzu an ajiye wasu dillalai a ofis wai daraktan wasanni, su sayo wanda suka ga dama, in an sha kashi koci ake kora. Ashworth, daraktan da United ta ɗauka, wata biyar ya yi aka sallame shi. Ina amfaninsu?

Sanusi Kaura: Malam Nura, janye kalmar dillalai. Dillali shi ne wakilin ɗan wasa mai cin la'ada. Darakta ma'aikacin ƙungiya ne, albashi yake karɓa.

Alhaji Bala Jega: To mi ne laihin dillali? Da dillancin shanu na aurad da ɗiyana. Kun maishe sana'a zagi.

Sanusi Kaura: Baba Alhaji, ka yi haƙuri, ba da kai nake ba.

Alhaji Bala Jega: Da ni kake. Kai ka ce a janye ta, kamar ƙazanta.

Nura Gusau: Duk wanda ya tsaya tsakanin mai saye da mai sayarwa dillali ne. Ba na janyewa.

Mubarak Argungu: In haka ne, Allah ya ba mu irin dillalin da ya kawo Salah daga Roma a 2017. Michael Edwards ne, daraktan wasannin Liverpool a lokacin. Antony kuma wa ya nace a sayo shi daga Ajax sama da fam miliyan 80? Ten Hag, kocinku na lokacin. Shi ya tafi, asarar ta zauna.

Nura Gusau: Ƙanena, ɗan Liverpool bai da bakin magana, shekara 30 kuka yi ba ku ga kofin lig ba.

Habibu Mafara: Ku ƙyale Ferguson, Wenger ne manaja na gaske. A 2004 ba a doke shi ko wasa ɗaya ba a lig.

Mubarak Argungu: Shekara 22 a Arsenal, ina kofin Zakarun Turai?

Habibu Mafara: Mu haɗu gidan kallo ranar Asabar ka maimaita.

Sanusi Kaura: Ba wanda ya tuna Emenalo, ɗan Najeriya, da ya riƙe kujerar darakta a Chelsea daga 2011 zuwa 2017? Zamaninsa aka sayo Hazard.

Alhaji Bala Jega: Har yanzu ba a ba ni haƙuri yadda ya kamata ba.

Shugaban zaure, Lawali: Ya isa haka. Abin da na fahimta, Nura na ganin zamanin Ferguson ya fi, Sanusi da Mubarak kuma sun kare daraktocin nan da hujja. Sanusi, ka kira Baba Alhaji a waya. Mubarak, in ka sake ambaton Antony zan cire ka.