RAV4 otomatik za ta iya rairayin ƙauyukan Mayahi?

Baban Hadiza: Assalamu alaikum 'yan uwa. An kawo mini RAV4 ta 2008, buwat (giya) otomatik, kat-kat, wato mai jan ƙafa huɗu. Sana'ata sayen wake da aya a kasuwannin ƙauye wajen Mayahi, hanyar kuma duk rairayi. Dillali ya ce ƙafa huɗu take ja kullum. Haka ne? Jibi zan ba da kuɗi.

Direban Dakoro: Hilux kawai, Alhaji.

Baban Hadiza: Da ina da kuɗin Hilux ai da ban tambaya ba.

Makaniken Zariya: Dillalin bai faɗi daidai ba. Bisa kwalta, ƙafafun gaba ke jan kusan komai. Akwai wani kuloci na lantarki a gaban fon na baya, wato akwatin da ke raba ƙarfi ga tayoyin baya. In kwamfuta ta ji gaba na sulɓi, ko ka taka wuta daga tsaye, sai ta matse shi, ƙarfi ya tafi baya, iyakarsa kashi 45 cikin 100. Maɓallin LOCK na riƙe shi haka har ka kai gudun kilomita 40, daga nan ya saki. Ba ta da ƙaramar giya irin ta Hilux, in ta daɗe tana haƙa rairayi kulocin zafi yake yi. Tsohuwar, ta 2001 zuwa 2005, ita ce mai raba rabi da rabi kullum.

Hajiya Maman Biyu: Irin mai rabawa kullum ɗin gare ni, kuma har yau raina ɓace yake. Taya ɗaya ta fashe mini hanyar Tasawa, mai faci ya sa mini wata da ta ɗan fi sauran girma, ya ce ba komai. Wata biyu ina yawo haka. Ashe na'urar da ke tsakanin gaba da baya gani take ƙafa na sulɓi kullum, tana ta aiki har ta ƙone. In na karya kwana sai mota ta riƙa tirjewa. Na kai gareji, maimakon gyara suka cire farfela, ƙarfen da ke kai ƙarfi ƙafafun baya, ba su gaya mini ba, wai don ta rage shan mai. Ranar da na kafe cikin gulbi da yara, da rana tsaka, na sani. Jika 280 na kashe.

Direban Dakoro: 280? Hajiya an cuce ki. Jika 120 ƙanena ya sayi na'urar a Kano.

Makaniken Zariya: Ba abu ɗaya kuke magana ba. Na 120 ɗin kwance ne, wato tsohon da aka ciro daga wata mota, ba wanda ya gwada shi.

Direban Dakoro: Shekara 19 ina bin rairayi. Ka rage iskar taya, ko mai jan gaba za ta wuce.

Makaniken Zariya: Kai tuƙi ka sani, mu muke buɗe cikinta.

Ɗan Gobir: Ku sayi amalanke da shanu biyu, ƙafa takwas ke nan, ba kuloci ba kwamfuta.

Hajiya Maman Biyu: Ku bar wasa. Tayoyin kwance da ake jibge mana su ne masifar. Ka nemi huɗu iri ɗaya, ka zaga gari ba ka samu.

Direban Dakoro: Wallahi. Wasu ma an sake yanka musu zane da wuƙa. Ku duba lamba huɗu na gefen taya, biyun ƙarshe su ne shekarar da aka yi ta.

Baban Hadiza: To jama'a, ni in saya ko in bari?

Ɗan Gobir: Hajiya, a wane layi kika samu tayoyinki daga baya?